Ba dodo, ba jini: to meye abin tsoro a Rosemary's Baby?

Tambayar da wani ɗan uwa ya turo ita ce: "Malam, duk inda aka lissafo manyan fina-finan ban tsoro sai in ga sunan Rosemary's Baby a sama-sama, shi ya sa na sauke na kalla. Sama da awa biyu ina zaune ina jira, ba dodo, ba jini, ko jaririn ma ba a nuna ba. Meye abin tsoron? Kuma a ƙarshe da gaske maƙwabtan nan matsafa ne, ko dai matar ce cikin ya taɓa mata ƙwaƙwalwa?"

Toh ɗan uwa, bari in fara da ta biyun don ita ce mai sauƙi, kuma wanda bai kalli fim ɗin ba ya sani zan tona labarin kaf. Eh, matsafa ne. Duk abinda Rosemary take zargi gaskiya ne, kai abin ma ya wuce inda tunaninta ya kai, don ita a zatonta jaririn suke so su karɓe su yi tsafi da jininsa, ashe tun daga shigar cikin ma aikinsu ne, ɗan shaiɗan suka sa ta ɗauka. Amma ba laifinka ba ne da ka yi shakka. Roman Polanski, wanda ya ba da umarni kuma ya rubuta fim ɗin daga littafin Ira Levin na 1967, mutum ne da bai yarda da shaiɗan ba, kuma ya faɗa da bakinsa cewa da gangan ya bar ƙofa a buɗe yanda mai kallo zai iya cewa duk sambatun mai ciki ne. Shi ya sa duk wani abu da ya saɓa wa hankali a fim ɗin sai ka ga ya zo ne a lokacin da take cikin maye ko magagin barci ko tsananin ciwo. Wannan shakkar da ya dasa maka a zuciya, nan ne fa tsoron yake, domin na tsawon awa biyu ya mayar da kai ɗaya daga cikin waɗanda basu yarda da ita ba.

Ka duba yanda aka jera abin. Rosemary Woodhouse da mijinta Guy sun kama haya a wani tsohon bene a birnin New York da ake kira Bramford a fim ɗin. Wajen ginin da kake gani na gaske ne, sunansa Dakota, yana nan a bakin Central Park, amma cikin ɗakunan a situdiyon Paramount aka gina su. Guy ɗan wasan kwaikwayo ne da bai samu shiga ba, ƴan tallace-tallace ne a talabijin suke riƙe da shi, ita kuwa ƴar Omaha ce, wani gari a tsakiyar Amurka, danginta na can nesa, ta taso a Katolika amma ta yi sako-sako da addinin, burinta ɗaya ta gyara gidanta ta haihu. Tun ranar da suka zo duba gidan aka nuna maka wata ƙatuwar kabad da tsohuwar da ke zaune a gidan kafin ta rasu ta ja ta toshe ƙofar wani ɗan lungun ajiya. Aka ture, aka buɗe, ba komai sai tawul da injin shara. Kowa ya ɗaga kafaɗa aka wuce. Tsohuwa mai shekaru wajen casa'in me zai sa ta ja kaya mai nauyi haka don ta rufe tawul? Sai a mintunan ƙarshe za ka gane ƙofa ce da take ɓullewa gidan maƙwabta. Haka fim ɗin yake aiki daga farko har ƙarshe, ba ya razana ka, yana ajiye maka ƙananan abubuwa ne da basu zauna daidai ba, sai sun taru su danne maka ƙirji.

Yanzu maƙwabtan. Minnie Castevet da mijinta Roman tsofaffi ne, kuma wallahi zaɓen Ruth Gordon a matsayin Minnie shi ne rabin nasarar fim ɗin, ba mamaki da ta ci Oscar da shi a 1969. Ba baƙaƙen kaya, ba jajayen ido, tsohuwa ce mai surutu da ɗaurin gashi da kwalliya ta wuce misali. Duk wanda ya zauna gidan haya ya san irinta, tsohuwar nan da za ta faɗo miki ɗaki kafin ki amsa sallama, ta shafa kujera ta ce nawa kika saya, ta leƙa tukunya, ta tambayi wata nawa da aure har yanzu shiru, gobe kuma ta aiko miki da abinci da ɗan ƙullin magani, kina jin ta takura miki amma kunya ba za ta bari ki ce mata komai ba tunda alheri take miki. Da wannan kunyar aka kama Rosemary.  An ba ta sarƙa mai ɗan ƙwallon azurfa da aka cusa wa wani saiwa mai wari da suke kira tannis, wai don sa'a, alhali ta san sarƙar nan ita ce a wuyan Terry, yarinyar da tsofaffin suka tsinta a titi suka riƙe, wadda ta faɗo daga hawa na bakwai ta mutu. Ta ji ƙyamar abin, ta jefa a durowa, amma daga baya ta rataya, saboda mijinta ya ce ai tunda ta karɓa sai ta sa. Saiwar tannis ɗin ma babu ita a duniya, Levin ne ya ƙirƙiro ta, kada ka wahalar da kanka nema.

Amma in ka tambaye ni waye mugun fim ɗin, ba Minnie ba ce, ba Roman ba ne, kai ba ma shaiɗan ɗin ba. Guy ne. Kuma ina roƙonka in za ka sake kallo ka manta da Rosemary na ɗan lokaci ka zuba wa John Cassavetes, wanda ya fito a Guy, ido. Daren farko da suka je cin abinci gidan tsofaffin ba ya ma son zuwa. Bayan an gama ci Rosemary na kicin tana taya Minnie wanke-wanke, sai ta waiga, abinda kyamara ta nuna mana kawai bakin ƙofar falo ne da hayaƙin taba yana tashi a hankali, ba a ganin mazan, ba a jin me suke cewa. A cikin wannan hayaƙin aka yi cinikin matar. Da ta shigo falon sai ka ga Guy ya zabura ya miƙe, fuskarsa ta canja, kamar wanda aka faɗa wa abinda ya girgiza shi kuma ya yi masa daɗi lokaci guda. Ba a jima ba wani ɗan wasa mai suna Donald Baumgart da ya kayar da shi a neman wani matsayi ya wayi gari makaho, aka kira Guy aka ba shi gurbin. Daga nan mutumin da bai damu da haihuwa ba ya zo da furanni yana cewa mu haihu, har ya riga ya yi wa kwanakin alama a kalanda.

Daren kuwa, wanda aka ɗora a kan ranar 4 ga Oktoba 1965, ranar da Fafaroma Paul na shida ya ziyarci New York, Minnie ta kawo musu kayan zaƙi na cakulan kowa da kofinsa. Rosemary ta ce tana jin ɗanɗanon alli a ciki, Guy ya hau ta da faɗa wai tsohuwa ta wahala ta yi abu ita tana tsirfa. Ta ci kaɗan, da ya juya baya ta juye sauran a tsumma. Wannan ƙaramin abin shi ne ginshiƙin labarin gaba ɗaya, domin da ta cinye da ba za ta tuna komai ba, da babu fim. Rabin maganin ne ya sa ta kasance tsakanin barci da farke, tana ganin jirgin ruwa da rufin coci da tsofaffi tsirara sun kewaye ta, har ta kai inda ta yi ihu cewa wannan ba mafarki ba ne. Da safe ta tashi jikinta duk yakushi. Ka saurari abinda mijin ya ce mata da kyau: wai ta bugu ta sume, shi kuma bai so daren ya wuce ba, sai ya kusance ta a hakan, har yana wasa da maganar yana nuna mata ya yanke farce. Kenan ƙaryar da ya zaɓa ya rufe asirinsa da ita, ita kanta fyaɗe ce, kuma ya san ba abinda za ta iya yi a kai. A lokacin dokar jihar New York ba ta ɗauki abinda miji ya yi wa matarsa da ƙarfi a matsayin fyaɗe ba, sai a 1984 kotu ta soke wannan kariyar. Rosemary ta juya masa baya a bakin gado ta ce da ya bari sai safiya, muryarta ƙasa-ƙasa, shikenan aka wuce wajen. Ni a wajena babu sin ɗin da ya kai wannan muni a duk fim ɗin, kuma da rana tsaka aka ɗauke shi, ba kiɗa ba komai.

Sai likita. Ta fara awo wajen wani matashin likita, Dokta Hill, amma tsofaffin na jin ta samu ciki suka ce ina, ai sai abokinsu Dokta Sapirstein, babban likitan mata da manyan gari ke zuwa wajensa, har Minnie ta ɗaga waya nan take ta karɓar mata rana. Abinda ya fara gaya mata: kar ta karanta littattafai, kar ta saurari ƙawaye don kowane ciki da irinsa, kar ta sha ƙwayoyin bitamin, Minnie za ta riƙa haɗa mata wani jiƙo kullum. Ka lura, hanyoyi uku da mace za ta bi ta gane halin da jikinta ke ciki, karatu da ƴan uwa mata da wani likitan, duk ya toshe su a zama ɗaya, cikin murmushi da lallashi irin na uba. Ciwo ya kama ta kamar ana ɗaure mata ciki da waya, wata da watanni, tana ramewa maimakon ta yi ƙiba, idanu sun faɗa, tana cin ɗanyar hanta a tsaye a kicin har ta hango fuskarta a jikin injin gasa burodi ta tsorata da kanta, shi kuwa kullum maganarsa ɗaya, zai daina nan da kwana biyu. Mia Farrow, wadda ta fito a Rosemary, a lokacin ba ta cin nama amma ta ci ɗanyar hantar da gaske. Ga kuma askin nan da ta yi, gajeren gashi na shahararren mai gyaran gashi Vidal Sassoon, wanda ya ƙara fito da ƙasusuwan fuskarta, shi ne kusan abu ɗaya tak da ta yanke wa jikinta da kanta a duk fim ɗin, kuma tana shigowa gida mijin ya gwasale ta.

Ka tuna su waye suka kalli wannan a 1968, shekarar da fim ɗin ya fito. Ba a daɗe da fita daga bala'in thalidomide ba, maganin da aka riƙa ba masu ciki a Turai da wasu ƙasashe a ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960 don laulayi, aka haifi dubban jarirai hannuwa da ƙafafu a nakashe. Ga na'urar sikanin ciki ba ta yaɗu ba, mace ba ta da hanyar ganin me take ɗauke da shi sai ranar haihuwa. To matar da ta zauna a silima tana kallon ana ɗura wa Rosemary abin sha da ba ta san meye a ciki ba, bisa umarnin likita, ba sai an nuna mata dodo ba.

Akwai wani sin da nake so ƙwarai kuma mutane basu cika maganarsa ba. Rosemary ta dage ta haɗa liyafa ta gayyaci ƙawayenta matasa, ta ce ba tsoho ko ɗaya. Suna ganinta suka ruɗe. Ta fashe da kuka a kicin, matan suka kewaye ta, ɗaya ta tura ƙofa ta hana Guy shigowa, suka tambaye ta tun yaushe take wannan ciwon, ta ce tun Nuwamba, suka ce wannan ba daidai ba ne, ciwo irin wannan alama ce, ki je ki ga wani likitan gobe-goben nan. Minti biyu kacal, amma nan ne kaɗai a duk fim ɗin wani ya saurare ta ya yarda da abinda jikinta ke faɗa. Bayan baƙi sun watse Guy ya hau bala'i yana zagin ƙawayen, kuma hujjarsa wai in ta je wajen wani likita ba a yi wa Sapirstein adalci ba. Matarka na mutuwa a tsaye kana maganar adalcin likita. Ana cikin haka ciwon ya ɗauke cak, jaririn ya motsa, ta kamo hannunsa cikin murna ta ɗora a cikin, ya fizge hannun kamar ya taɓa wuta. Duk wanda ya ga wannan fizgewar bai kamata ya ƙara shakka ba, mutumin ya san me ke ciki.

Tsohon abokinta Hutch shi ne ɗaya namijin da ya damu da ita tsakani da Allah. Ya zo ya ganta, hankalinsa ya tashi, ya fara tambaya a kan tannis, safar hannunsa ɗaya ta ɓata a gidan, washegari ya faɗa doguwar suma, bayan wata uku ya mutu. Amma ya bar mata littafi a kan matsafa da saƙon cewa akwai sunan da aka hargitsa haruffansa, ta zube haruffan wasan haɗa kalmomi na Scrabble a ƙasa tana jujjuyawa har ta gano Roman Castevet shi ne Steven Marcato, ɗan wani shahararren matsafi da ya taɓa zama a ginin. Daga nan fim ɗin ya ɗau gudu. Mijin ya jefar da littafin a shara. Ta ruga wajen Sapirstein, a ɗakin jira ta ɗauki mujallar Time mai tambayar nan a bango ko Allah ya mutu, wa'iyazubillah, kuma bangon na gaske ne, na watan Afrilu 1966, sai sakatariyar likitan ta yi suɓul da baka ta ce ai shi ma likita wani lokacin yana irin warin sarƙar nan. Ta fice.

Sin ɗin rumfar waya da ya biyo baya darasi ne ga duk mai son harkar fim. Ana zafi kamar me, ga tsohon ciki, tana cikin rumfar gilas tana jiran Dokta Hill ya kira ta, kyamara na manne da fuskarta ba a yanka ba na mintuna, tana gumi tana magana ita kaɗai tana yi kamar tana waya don kar a karɓe mata layi, sai wani mutum ya zo ya tsaya a bayanta ya juya baya, daga ƙeya sak Sapirstein. Da ya juyo sai ka ga wani ne daban, kuma furodusan fim ɗin ne William Castle. Shi Castle ɗin ma labarinsa abin lura ne, ya yi suna ne da fina-finan tsoro masu araha har yana sa na'ura mai girgiza a ƙarƙashin kujerun silima, shi ya sayi haƙƙin littafin yana so ya ba da umarni da kansa, Robert Evans, mai kula da shirya fina-finai a Paramount, ya ce a'a, aka ɗauko Polanski daga Turai, wannan ne fim ɗinsa na farko a Amurka. Da Castle ne ya yi, da ka samu dodon da kake nema, kuma da yau ba wanda ke maganar fim ɗin.

Dokta Hill kuwa ba ya cikin ƙungiyar, kuma shi ya sa abinda ya yi ya fi ciwo. Ya zauna ya saurare ta har ƙarshe, ya ce bai yarda da tsafi ba amma akwai mahaukata da yawa a gari, ya kwantar da ita a wani ɗaki ta huta, a karon farko ta yi barci da kwanciyar hankali. Ƙofa na buɗewa sai ga Guy da Sapirstein. Mutumin kirki ne, ya ga mace mai ciki tana zuba zancen matsafa, ya ji sunan babban likita, sai ya yi abinda yake ganin daidai ne, ya kira mijinta da likitanta. Sapirstein ya ce mata in ta ƙara maganar tsafi asibitin mahaukata za su kai ta. Ka ga matsafan basu buƙaci tsafi a nan ba sam, tsarin gari ne ya miƙa musu ita.

Kan batun rashin nuna jaririn, wannan shawara ce aka yanke da gangan. Bayan an danne ta an yi mata allura ta haihu, aka ce mata yaron ya mutu, amma ana karɓar nonon da take tatsa ana tafiya da shi, kuma tana jin kukan jariri ta bango. Ta ɓoye ƙwayoyin da ake ba ta, ta ɗauki wuƙa, ta bi ta lungun ajiyar nan ta ɓulla falon maƙwabta, ta tarar da su zazzaune ana shan shayi ana hira kamar gidan suna, ga gadon jariri an lulluɓe da baƙin yadi. Ta ɗaga labulen. Abinda muka gani fuskar Mia Farrow ce, ido ya zazzaro, hannu a baki, tana tambayar me suka yi wa idanunsa. Akwai ƴan kallo da yawa da suka fito suna rantsuwa sun ga jaririn da ƙaho da kofato, alhali ɗan walƙiyar idanu ne kawai daga mafarkin can baya aka maimaita. Duk abinda mai kwalliya zai ƙera da roba ba zai kai abinda ƙwaƙwalwarka ta zana ba. Irin wannan dabarar ce a wani sin da mai ɗaukar hoto William Fraker ya sha ba da labari, inda Minnie ke waya a ɗakin kwana, Polanski ya sa aka ajiye kyamara yanda bakin ƙofa ya rufe rabin jikinta, wai a silima sai aka ga mutane gaba ɗaya sun karkata kai suna son leƙawa.

Ƙarshen kuma ana ta jayayya a kansa har yau. Guy ya matso yana ce mata ai sun yi alkawarin ba za a cutar da ita ba, ta ɗauka kamar ɓari ta yi, ga abinda za su samu, ta tofa masa yawu a fuska. Amma da wata tsohuwa ta hau jijjiga gadon da ƙarfi yaron na tsala kuka, Rosemary ta kasa daurewa, ta matsa, Roman ya ce ai ke ce uwarsa, ta sa hannu ta fara jijjigawa a hankali, waƙar reno da Krzysztof Komeda ya tsara, wadda Mia Farrow ta rera da muryarta, ta taso. Wasu na cewa soyayyar uwa ce ta yi nasara. Ni ban ga nasara a nan ba. Sun ƙwace jikinta, sun ƙwace mijinta da likitanta da abokinta, abu ɗaya da ya rage nata shi ne tausayin ɗanta, shi ma sun lissafa da shi tun farko, sun san ba za ta iya jin kukan ta juya baya ba. Da shi suka ɗaure ta ɗaurin ƙarshe.

Za ka ci karo da zancen wai fim ɗin la'ananne ne. Abubuwan da ake jerowa sun faru: Komeda ya rasu a 1969 bayan rauni a ka, a watan Agustan shekarar mabiyan wani shugaban ƙungiyar asiri mai suna Charles Manson suka kashe matar Polanski, Sharon Tate, da tsohon ciki, sannan a Disambar 1980 aka harbe mawaƙi John Lennon a ƙofar ginin Dakota. Musibu ne na gaske da suka sami mutane na gaske, kuma ban ga kyawun a mayar da su kayan tallan fim ba. Haka jita-jitar cewa Anton LaVey, wanda ya kafa cocin shaiɗan a 1966, shi ya fito a shaiɗan ɗin, ba gaskiya ba ce. Abinda yake gaskiya kuma ya fi nauyi shi ne na Polanski kansa: a 1977 an kama shi da laifin lalata da yarinya ƴar shekara 13, ya amsa laifin saduwa da ƙaramar yarinya, ya gudu daga Amurka a 1978 kafin a yanke hukunci, bai koma ba. Mutumin da ya nuna wa duniya yanda ake sa wa mace magani a ci amanarta da irin wannan fahimta, shi aka zarga da ba yarinya giya da ƙwaya. Ba na raba wannan da fim ɗin in ina koyar da shi, kuma wanda ya ce ba zai kalla ba saboda haka yana da hujjarsa.

Abu ɗaya da nake tsoro in mutanenmu suka kalla shi ne su fito da darasin da bai dace ba, wato tsohuwar maƙwabciya mai yawan kyauta mayya ce. Mun san yanda zargin maita yake ƙarewa a garuruwanmu, kusan kullum a kan tsohuwa mara gata yake faɗawa. Levin da kansa bai yarda da shaiɗancin da ya rubuta ba, kuma daga baya ya nuna damuwa da yanda littafinsa ya buɗe ƙofa ga The Exorcist na 1973 da The Omen na 1976 da guguwar tsoron matsafa da ta biyo baya. A rayuwa ta zahiri, mai cikin da ke ramewa da ciwon da ba ya sauka tana buƙatar wani likitan ya duba ta, wadda kuma ta fara ganin kowa maƙiyi ne ko tana jin muryoyi, musamman bayan haihuwa, wannan ciwo ne sananne da ke samun kamar mace ɗaya zuwa biyu cikin dubu, ana maganinsa a asibiti kuma na gaggawa ne. A duka biyun abinda ake fara yi shi ne a zauna a ji ta bakinta.

In za ka maimaita kallon, ka sani akwai tsiraici a wurare biyu zuwa uku da kalaman saɓo a sin ɗin ƙarshe, har ofishin tace fina-finai na cocin Katolika a Amurka ya yi Allah wadai da shi lokacin da ya fito, don haka ba na kallo da yara ba ne, kuma ba zan ba mai ciki shawarar ta kalla ba. Ka kalla da daddare, waya a ajiye, da abin ji a kunne, don rabin aikin a sauti yake, ƙarar agogo, muryar Minnie ta bango, wani yana koyon fiyano a wani ɗakin can nesa. In ya kama ka a wannan karon sai ka nemi Repulsion na 1965 da The Tenant na 1976, su ma na Polanski ne kuma duk a cikin gidan haya suke faruwa, sannan Get Out na Jordan Peele na 2017, wanda ya ɗauki wannan salon na mutane masu fara'a da suke da buƙata da jikinka ya ɗora shi a kan wariyar launin fata a Amurka.